Filin Stoke: Da Ƙafa, Sannan a Kan Tebur

Abin da ya kai ni Newark wani ɗan littafi ne mai bangon kwali da na cika da rubutun hannu, ƙa'idojin wasan yaƙi da na tsara domin mutum ɗaya. Na daɗe ina gyara su a gida, na kuma zaɓi yaƙin da zan gwada su a kai, wato yaƙin Stoke na ranar 16 ga Yuni 1487. Abin da ya rage shi ne in ga filin da idona. Da ziyara ta kama ni zuwa Ingila wajen ƙanena da ke karatu a Nottingham, sai na sa tafiyar ta faɗo a watan Mayu, lokacin da masu wannan wasa ke taronsu a Newark. Na cusa gwangwanin biskit biyu cikin jaka, cike da 'yan sojojin dalma da tsayin kowanne bai wuce milimita 15 ba, waɗanda na yi wa fenti ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda wasan yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ana shimfiɗa kore ƙyalle a kan tebur, a yi masa tudu da kogi da hanya da shingen gona daidai da wani fili da aka taɓa gwabzawa a kai. A jera 'yan sojojin rukuni-rukuni, kowane rukuni yana wakiltar ɗaruruwan mutane. Tef na awo ke nuna iya tafiyar da dakaru ko barade za su yi a juyi guda, ɗan ludo kuma ke yanke hukuncin harbi da sara. Ba a sa ko kwabo, ba caca a ciki. Asalinsa daga sojojin Furushiya ne a ƙasar Jamus, inda wani hafsa mai suna Reisswitz ya buga ƙa'idojinsa a 1824 aka riƙa horar da hafsoshi da su. Marubucin nan H. G. Wells ya fito da shi daga bariki zuwa falon gida da littafinsa Little Wars a 1913. Wanda ya watsa shi cikin jama'a kuwa Donald Featherstone ne, mutumin Southampton, tsohon sojan tankar yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda sana'arsa gashin ƙashi da tausar 'yan ƙwallo. Ya fitar da War Games a 1962, sannan a 1973 ya rubuta littafi sukutum a kan yadda mutum zai yi wasan shi kaɗai. Bayan shekara uku aka kafa ƙungiyar masu wasa su kaɗai, da mujallarsu Lone Warrior.

Wahalar wasan mutum ɗaya a fili take. Kamar mai yin dara ne shi da kansa: hannun dama ya riga ya san ramin da hagu zai sa. Janar na gaske kuwa rabin aikinsa cikin duhu yake yin sa, bai san inda abokin gaba ya ɓoye dawakai ba, bai san ko manzon da ya aika ya isa ba. Saboda haka duk ƙa'idar da aka rubuta domin mutum ɗaya ƙoƙari ce ta ƙwace wa mai wasan wani abu daga saninsa ko daga ikonsa. Featherstone ya yi amfani da katunan ba-zata. Charles S. Grant, a littafinsa na 1983, ya rubuta wa abokin gaba tsare-tsare iri-iri da ɗan ludo zai zaɓa. Nawa littafin daga waɗannan ya sha, amma akwai abin da nake nema da ban samu a cikinsu yadda nake so ba, kuma a Newark ne na iya faɗinsa da baki.

Ranar Lahadi da safe muka shiga jirgin ƙasa daga Nottingham, tafiyar wajen rabin sa'a, layin yana bin kwarin kogin Trent. Wannan yanki shi ne matattarar masu ƙera sojojin wasa a duniya. Games Workshop na Nottingham, haka Warlord Games, haka tagwayen nan Alan da Michael Perry da suka shahara da sassaƙa sojojin tarihi. Kamfanin Citadel ma, wanda Bryan Ansell ya jagoranta, a Newark ya fara a 1979. Kafin mu iso jirgin ya tsaya a wata 'yar tasha mai suna Fiskerton. Na taɓa ƙanena na nuna masa allon sunan, domin a mashigin wannan ƙauye ne rundunar 'yan tawaye ta ƙetare kogi ana gobe yaƙin Stoke.

Newark gari ne da yaƙi ya sani. Daga tasha kana tsallake gada sai ga bangon tsohuwar fada a bakin ruwa, inda Sarki John ya mutu a 1216. A yaƙin basasar Ingila sau uku aka yi wa garin ƙawanya, bai miƙa wuya ba sai a Mayun 1646, shi ma da umarnin Sarki Charles na Ɗaya. Ba mu daɗe a ciki ba. Muka ɗauki tasi zuwa filin baje kolin da ke bayan gari, wani tsohon filin jirgin saman soja, inda ake taron da suke kira Partizan.

Zaure ne makeke, tebur bayan tebur, kowanne da nasa zamanin. Ga Rumawa, ga Napoleon, ga ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka ƙera har da taɓo da wayar ƙaya. Yawancin mahalarta dattawa ne masu furfura, wasu da jikoki. Abin da ya burge ni shi ne haƙurinsu da baƙo. Ka tsaya kallo minti biyu, sai wani ya miƙo maka ɗan ludo ya ce ka jefa wa rundunarsa. Na sayi 'yan bishiyoyi da shingen gona, na tsaya na daɗe a kan wani tebur na yaƙe-yaƙen gidan York da gidan Lancaster inda ake amfani da ƙa'idojin Andy Callan, Never Mind the Billhooks, waɗanda suka fito a 2020. A cikinsu kowane kwamanda yana da kati, ana cakuɗa katunan, wanda nasa ya fito shi zai motsa. Tsari ne da ya dace da mai wasa shi kaɗai, domin ba ka san wa zai riga wani ba.

A wani lungu kuma na tarar da tebur mai launin rairayi: Sudan, zamanin Mahadi, sojojin Ingila sun yi murabba'i, Ansaru masu riguna da faci suna kwararowa ta kowace kusurwa. Mai teburin, wani dattijo mai fara'a, shi kaɗai yake wasansa. Ya nuna mini yadda abin ke tafiya. Littafin Daniel Mersey ne na 2016, The Men Who Would Be Kings, wanda a ƙarshensa akwai tsarin wasan mutum ɗaya. Kai ke riƙe da rundunar Turawa, kana tunani, kana shiri. Ɗaya ɓangaren kuwa jadawali ke tafiyar da shi: ɗan ludo ya ce su ɓullo daga nan, su ɓullo, ya ce su afka, su afka. Tsarin yana aiki sarai, wasan yana da daɗi, dattijon kuma ya san tarihin Omdurman na 1898 fiye da yawancinmu. Amma na bar teburin da wani abu tokare a ƙirji.

Na tuna Sakkwato a Maris na 1903. Kafin Turawa su iso, Sarkin Musulmi Attahiru da manyan fadarsa sun zauna sun yi shawara mai zafi, wasu na ganin a yi yaƙi, wasu a yi sulhu, wasu a yi hijira. An fita an tari Turawa a wajen ganuwa ranar 15 ga wata, bindiga mai jigida ta yi aikinta, Sarkin Musulmi ya kama hanyar gabas. A Burmi, cikin watan Mayu, mutanen garin sun kori rundunar farko da ta zo musu, sai a karo na biyu, ranar 27 ga Yuli, aka ci garin, Attahiru ya faɗi, kwamandan Turawan Manjo Marsh shi ma ya faɗi. Mutanen nan sun yi lissafi, sun auna, sun zaɓa tsakanin hanyoyi marasa daɗi. Duk ƙa'idar wasa da ta mai da su igiyar ruwa mai tasowa da an jefa ɗan ludo, ta faɗi ƙarya a kansu ko da mai rubutun bai nufa ba. A nan na gane abin da nake nema a littafina: in ba wanda aka ci da yaƙi hankalinsa. Shi ya sa ma na zaɓi Stoke, domin 'yan Ayilan da suka mutu a can haka marubutan zamanin suka kwatanta su, jarumai marasa sulke da suka ruga cikin kibau.

Kashegari muka hau bas daga Nottingham. Ya bi ta Radcliffe, ƙauyen da Sarki Henry na Bakwai ya kwana a gefensa daren yaƙin, sannan ya kama tsohuwar hanyar Rumawa da ake kira Fosse, miƙaƙƙiya sambal. A hanya na ba ƙanena labarin. Henry ya ƙwaci sarauta a Bosworth a Agustan 1485, inda aka kashe Richard na Uku. Magoya bayan gidan York ba su haƙura ba. Suka samo wani yaro ɗan shekara goma ko kusa da haka, Lambert Simnel, suka ce shi ne Edward na Warwick, ɗan ɗan'uwan marigayi sarki, alhali Edward na gaskiya yana tsare a Hasumiyar Landan. Ranar 24 ga Mayu 1487 aka naɗa yaron sarki a babbar majami'ar Dublin. Margaret ta Burgundy, 'yar'uwar Richard, ta biya kuɗin sojojin haya Jamusawa kimanin 2,000 ƙarƙashin Martin Schwartz. Thomas Fitzgerald ya kawo 'yan Ayilan wajen 4,000. Jagoran tafiyar John de la Pole ne, basaraken Lincoln, tare da Francis Lovell. A can ana kiran basarake da sunan ƙasar sarautarsa, saboda haka Lincoln zan riƙa ce masa. Sun sauka gaɓar Furness ranar 4 ga Yuni, suka ƙetare duwatsu zuwa ƙasar York suna sa ran jama'a za su bi su. Kaɗan suka bi, birnin York kuma ya rufe ƙofofinsa. Da suka iso Trent ba su wuce 8,000 ba, rundunar sarki kuwa ta kai 12,000 ko fiye.

East Stoke ƙauye ne ƙarami, kimanin mil huɗu kudu maso yamma da Newark. Mun sauka a mararraba, muka bi wata siririyar hanya mai inuwar bishiyoyi zuwa cocin St Oswald. A farfajiyar akwai dutsen tunawa da waɗanda suka mutu. Kusa da ƙauyen an taɓa tono ramukan da aka zuba gawarwaki a haɗe, ƙasusuwan da alamun sara. Ƙanena ya karanta dutsen ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, mutane dubbai sun mutu a nan. Ba ka jin nauyin mai da su abin wasa?"

Na ce masa ina ji, kuma ya kamata a ji. Amma a littafin makaranta Stoke layi biyu ne: an yi tawaye, an murƙushe. Wanda ya karanta haka ya wuce, mutanen nan ba su taɓa zama mutane a wurinsa ba. Ni kuwa in na jera su a tebur dole in tambayi kaina me Schwartz ya gani da safiyar nan, me ya sa Fitzgerald ya yarda ya tsaya a inda ya tsaya. Ya ce, "To, mu je mu gani."

Filin gonaki ne na mutane, sai dai akwai hanyar ƙafa da allunan bayani. Alkama ta yi kore shar, wasu gonakin kuma furen irin mai ya mai da su rawaya har ido na ƙyalli. Daga filin jirgin sojan sama na Syerston, wanda ya ci wani ɓangare na hanyar da rundunar sarki ta biyo, jirage marasa inji na tashi suna shawagi a kanmu. Muka hau tudun da 'yan tawaye suka ja daga. Dutsen da ke nuna inda aka ce Henry ya kafa tutarsa bayan nasara yana cikin gonar wani, ba mu shiga ba.

A taswira, kuma a kusan kowane littafin ƙa'ida, tudu tudu ne: wanda ke sama ana ƙara masa maki wajen sara. Na tsaya na fuskanci kudu maso yamma, inda rundunar gaba ta sarki ƙarƙashin John de Vere, basaraken Oxford, ta ɓullo wajen ƙarfe tara na safe. Gangaren da ke gabana mai sauƙi ne ƙwarai. Mun sauka mun sake hawowa, ko haki ba mu yi ba. Mutum mai sulke zai hau shi ba tare da sahu ya lalace ba, maharbi kuma zai tsaya daga ƙasa ya zuba kibau a kan duk wanda ke sama, ga su tsaye a sarari sun yi fitowar wata. Abin da tudun ke bayarwa gani ne. Kana hango hanyar Fosse da nisa, duk ƙurar da runduna ta tayar za ka gan ta tun kafin ta iso.

Sannan muka juya baya, muka yi 'yar tafiya zuwa gefen kogi. Nan ƙasar ta yanke. Gangare ne mai tsayi lulluɓe da bishiyoyi, a ƙasansa fadama shimfiɗe, bayan fadama kogin Trent ya yi gwiwa ya kewaye wurin, rufin gidajen Fiskerton na can ƙetare. A jikin gangaren akwai wani kwazazzabo da har yau ake kira Red Gutter, wato jan kwata, inda aka ce an rutsa masu gudu an karkashe su. Na leƙa cikinsa ta tsakanin rassa. Mutum biyu ko uku ne za su iya sauka a jere. Ka ƙiyasta dubbai a guje, dawakai na bin su.

Na zauna a kan ciyawa na buɗe littafina. Lincoln ya hau wurin da ke nuna masa komai amma ba ya kare shi daga komai, kuma babu ja da baya. Rabin mutanensa ba su da sulke, makamansu wuƙa da gajeren mashi na jifa. Jamusawansa na da dogayen masu da 'yan bindigogin ɗuri na farko-farko, waɗanda ba sa kamo bakan Ingila wajen saurin harbi. A gabansa ga Oxford da mutum wajen 6,000, sauran rundunar sarki kuma tana baya a hanya. Kowane minti da ya tsaya, kibau na rage masa mutane, sarki na ƙara matsowa. Saukowar da ya yi daga tudu ya afka wa Oxford, wadda ake yawan kira ganganci, ita ce hanya ɗaya da ke da ƙofar nasara: ya karya rundunar gaba kafin ta baya ta iso. A wurin na soke makin tudu daga littafin, na rubuta wasu ƙa'idoji biyu a madadinsa.

Mun koma Nottingham rana na nan tsaye, domin a Mayu ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Bayan mun ci abinci na karɓi teburin kicin. Littattafan karatun ƙanena suka shiga ƙarƙashin kore ƙyalle suka zama tudu, siriri a gaba, masu kauri a baya. Shuɗin kirtani ya zama Trent.

Ƙa'idar farko ita ce ƙashin bayan sauran. Kafin in taɓa ɗan soja ko ɗaya, na rubuta wa kowane ɓangare shiri uku a kan 'yan takardu, da sharaɗin cewa kowane shiri ya zama wanda mai hankali zai iya yi da abin da ya sani a safiyar. Lincoln na iya tsayawa a tudu, ko ya sauko nan take, ko ya jira maharban Oxford su matso sannan ya sauko. Oxford na iya tsayawa nesa ya jira sarki, ko ya matso iya harbin baka ya yi ta zuba, ko ya hau kai tsaye. Na naɗe takardun, na jera rundunonin biyu, sai bayan an gama jeri na zaro ɗaya-ɗaya. Daga nan ba mai sauya shiri sai wani abu ya faru a filin da kwamandan zai iya gani da idonsa, kuma sai manzo ya kai saƙon. A ɓangaren Lincoln na sa saƙo ya fi jinkiri, domin runduna ce mai harshe uku da ba ta wuce 'yan makonni da haɗuwa ba.

Zuwan sarki na damƙa wa karta. Jan kati ɗaya na cusa cikin rabin ƙasa na tarin baƙaƙe, kowane juyi in buɗe ɗaya. Ladan tudu shi ne Lincoln yana da damar leƙa kati na gaba kafin a buɗe, wato ya hango ƙura. Ƙanena, da ke jingine da ƙofa da kofin shayi, nan da nan ya gano matsalar. "Yaya, ai in Lincoln ya leƙa, kai ka leƙa. Oxford ma kai ne." Gaskiya ya faɗa, kuma amsar tana cikin ƙa'idar farko. Oxford a ɗaure yake da takardarsa, sanina ba ya kwance shi. Ba zai sauya ba sai abin da idonsa ya gani daga ƙasan gangare.

Kibau na ƙidaya da tsinken ashana. Damin kibau na maharbin Ingila 24 ne, kuma yakan ƙare da wuri in harbi ya yi zafi, saboda haka kowane rukunin maharba na ajiye masa 'yan tsinke, duk harbi in cire ɗaya. Ga 'yan Ayilan kuma na yi amfani da ƙwayar wake. Duk lokacin da aka harbe su ba su da abin ramawa, in ajiye ƙwaya ɗaya a gefensu, in jefa ɗan ludo. In abin da ya fito bai kai yawan waken ba, haƙuri ya ƙare. A nan ne na bambanta da jadawalin da na gani a Newark: ƙarewar haƙuri ba ta nufin su ruga gaba kai tsaye. In Fitzgerald na kusa da su, shi zai zaɓa musu inda za su afka, kuma ni zan zauna a mazauninsa in zaɓa masa mafi kyau. In ba ya kusa, sai su watse. Ƙa'ida ta ƙarshe ta kwazazzabo ce: rukunin 'yan tawaye da ya karye ba ya sake haɗuwa, a ɗauke shi daga tebur. Na Oxford kuwa yana da fili a baya, yana iya tattaruwa.

Wasan da Lincoln ya zaro takardar tsayawa bai yi daɗin kallo ba. Wake ya yi ta taruwa, 'yan Ayilan suka sauko su kaɗai a raunane, Jamusawa na tsaye suna jiran umarnin da bai iso ba, kafin jan kati ya fito an gama. Na sake jeri. Ƙanena ya ce, "Yaya, wai wa kake so ya ci?" Na ce in ina riƙe da tef a ɓangaren Oxford, Oxford nake so, in na zagaya tebur, Lincoln. Ya yi dariya ya tafi ɗakinsa, ya bar ni da su.

Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Oxford ya zaro matsowa da harbi, Lincoln kuma ya zaro jira sannan sauka. Maharba suka matso, suka saki kibau sau biyu, ƙwayar wake biyu ta sauka gefen 'yan Ayilan amma suka daure. Lincoln ya leƙa kati, baƙi ne, sarki bai kusa ba. Ya aika umarni. Mutanensa 'yan Ingila suka taso nan take, saƙon Fitzgerald ya isa, na Schwartz ya makara juyi guda. Da na zagaya na tsaya a bayan 'yan Ayilan, sai na ga abin da ban lura da shi ba daga ɗaya gefen: maharban da ke ƙarshen sahun Oxford saura musu tsinke ɗaya, kuma ba masu gatari a bayansu. Can na tura su. Suka ci kibau na ƙarshe, suka isa, maharban suka tarwatse. Juyi na gaba dogayen masun Jamusawa suka dira a tsakiya, suka tura ta baya inci uku. Na koma ɓangaren Oxford zuciyata na bugawa. Yana da barade a gefe, kuma yanzu idonsa ya ga abin da zai ba shi damar sauya shiri. Manzo ya tafi, ɗan ludo ya ba shi hanya. Baraden suka faɗa wa Jamusawa ta haƙarƙari a daidai lokacin da tsakiyar ke gab da karyewa. Ta tsaya da ƙyar. Sai da aka ƙara juyi biyu ana sara sannan rukunin Lincoln ya karye, ƙa'idar kwazazzabo ta cinye sauran.

Kusan haka aka yi a 1487. An shafe wajen sa'a uku ana faɗa, rundunar Oxford ta girgiza amma ta tsaya, kuma ita ce ta ɗauki nauyin yaƙin kusan duka. Lincoln da Schwartz da Fitzgerald duk sun mutu a filin, tare da mutanensu da aka ƙiyasta sun kai 4,000. Lovell ya ɓace, ba a sake ganinsa a fili ba. Yaron kuwa Henry ya yafe masa, ya sa shi aikin juya nama a kicin ɗin fada, daga baya ya zama mai kiwon shahon farauta. Amma abin da ya gamsar da ni a kan ƙa'idojin bai tsaya ga cewa sun maimaita tarihi ba. A wani wasan da ya biyo baya manzon Oxford ya makara, tsakiya ta karye, 'yan tawaye suka ci rundunar gaba tun jan kati na can ƙasan tari. A tsohon tsari mai ba da makin tudu, hankali kullum cewa yake Lincoln ya tsaya a sama, saukowarsa kuma ta zama wauta da sai an tilasta masa. Yanzu tebur da kansa yana nuna dalilin da ya sa mutumin ya sauko.

Wannan nasarar ta 'yan tawaye ta ɓullo da tambayar da littafina bai tanada ba. Sun karya Oxford, amma sun rasa kusan rabinsu, ga sarki tafe da dubban mutanen da ba su ko zare takobi ba, cikinsu har da rundunar gidan Stanley ƙarƙashin basaraken Strange. Wa ya ci ke nan? Na daɗe a kan wannan. A Bosworth, shekara biyu kafin nan, mutanen Stanley sun tsaya gefe suna kallo har sai da suka ga inda iska ta kaɗa. Henry ya san haka, Lincoln ma ya sani, kuma mai yiwuwa a kan haka ya ɗora begensa. Sai na ƙara shafi: in rundunar gaba ta karye kafin jan kati, kowane basaraken da ke bayan sarki za a jefa masa ɗan ludo a ga ko zai shiga faɗan ko zai ja linzami, kuma na gidan Stanley ya fi kowa saurin ja.

Wannan shafin ba a Stoke za a gwada shi da kyau ba, a Bosworth ne, inda tsayawa gefe ta yanke hukuncin sarauta. Filin yana ƙasar Leicester, ba nisa daga Nottingham. Shi ma yana da nasa darasin na ƙasa, domin an daɗe ana nuna wa baƙi tudun Ambion a matsayin wurin yaƙin, sai da masu binciken ƙasa ƙarƙashin Glenn Foard suka tono harsasan igwa da wata 'yar alamar azurfa mai siffar gadu, tambarin Richard, a wata fadama kimanin mil biyu daga can, aka bayyana wurin a 2010. Ƙanena ya duba jadawalin karatunsa ya ce ranar Asabar ba shi da komai. Na ce ya nemo mana motar da za ta kai mu Market Bosworth, ni kuma zan yi wa mutanen Stanley fenti kafin ranar.